Shekara 21 Kafin A Kira Mace Geshema

A ranar 22 ga Disambar 2016, a gidan zuhudu na Drepung da ke Mundgod a kudancin Indiya, Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na Tibet, ya miƙa wa wasu mata 20 takardar shaidar geshema. Wannan ita ce ƙololuwar shaidar ilimin addini a ɗariƙar Gelug ta mutanen Tibet, kuma kafin a same ta sai an shafe shekara 17 ana karatu, a ƙara da shekara 4 na jarrabawa, ta rubutu da ta muhawara. Ɗaruruwan shekaru ana ba maza irin wannan shaida, ana kiransu geshe, ba a taɓa shirya wa mata jarrabawarta ba. Mace ɗaya ce ta riga waɗannan 20 ɗin, wata Bajamushiya mai suna Kelsang Wangmo da ta samu tata a 2011, ita ma sai da ta zauna ita kaɗai mace a ajin da ke cike da maza.

Idan ana maganar mata masu zaman zuhudu a addinin Buddha, abin da ya fi cika kunne shi ne rikicin naɗi: shin za a iya yi wa mace cikakken naɗi ta zama bikkuni, kamar yadda ake yi wa namiji ya zama bikku, ko kuwa wannan ƙofa ta rufe tun ƙarni na 11? Ni ba mabiyin wannan addini ba ne, ba ni da hurumin yanke hukunci kan wane naɗi ne ya inganta a shari'arsu. Abin da nake da ta cewa a kai wani abu ne daban. An daɗe ana fakewa da wannan gardama ta masana ana tauye wa matan abubuwa biyu da babu wani nassi nasu da ya haramta musu, wato karatu da abin kaiwa baki. Kuma duk inda ƙofar naɗin ta motsa a 'yan shekarun nan, idan ka duba da kyau, macen da ta yi karatu mai zurfi ce ta tura ta.

Asalin gardamar ya cancanci a bayyana shi da adalci, don masu tsaurin ra'ayi ba da ka suke magana ba. Littattafansu sun ce Mahapajapati Gotami, ƙanwar mahaifiyar Buddha wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsa, ita ce ta fara neman a bar mata su shiga zuhudu. Sau uku tana roƙo yana ƙi. Sai ta aske kanta, ta sa rigar zuhudu, ta taka da ƙafa tare da ayarin mata har birnin Vesali inda yake. Almajirinsa Ananda ne ya sa baki, ya tambaye shi ko mace na iya kaiwa matakin ƙarshe na wayewar ruhi, Buddha ya ce ƙwarai tana iyawa. Daga nan ya amince, amma da sharuɗɗa 8 masu nauyi. Na farko ya ce ko mace ta shekara 100 da naɗi, sai ta rusuna wa namijin da aka naɗa yau da safe. Wani kuma ya ce ba a naɗa mace sai an haɗa taro biyu: mata masu cikakken naɗi su naɗa ta, sannan maza su tabbatar. A mazhabar Theravada, wadda ake bi a Siri Lanka da Tailan da Miyanma, namiji na kiyaye dokoki 227, mace 311.

Sanghamitta, 'yar Sarki Ashoka na Indiya, ita ta kai naɗin mata tsibirin Siri Lanka a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. A ƙarni na 5 wasu mata daga tsibirin suka hau jirgin ruwa zuwa ƙasar Sin, suka naɗa matan can, kuma wannan silsila ba ta yanke ba har yau a Sin da Taiwan da Koriya da Biyetnam. A Siri Lanka kuwa ta mutu a ƙarni na 11, zamanin da mayaƙan Chola daga kudancin Indiya suka mamaye ƙasar. Maza ma sun kusa ƙarewa, amma su an aika Bama, wato Miyanma ta yau, an ɗauko waɗanda suka farfaɗo da nasu naɗin. Na mata ba a farfaɗo da shi ba. To ga inda gizo ke saƙar: babu naɗi sai da bikkuni, babu bikkuni sai da naɗi. Masu goyon bayan matan suna cewa a ɗauko daga Sin, ai asalinta daga Siri Lanka ta tafi, ko kuma maza su naɗa su kaɗai kamar yadda Buddha ya ba da izini tun farko, lokacin da babu mata ko ɗaya. Masu ƙi suna cewa mutanen Sin wata mazhabar dokoki suke bi, kuma izinin farko an shafe shi da na baya. Magana ce ta masana shari'a, su je su yi ta.

Sai dai a tsawon ƙarnonin da ƙofar ke rufe, mata ba su daina barin gida suna aske kai ba. A Tailan ana kiransu mae chi, suna sa farar riga, suna kiyaye dokoki 8. A Miyanma sunansu thilashin, rigarsu ruwan hoda. Ba su cikin limamai, ba su cikin gama-gari, suna nan a tsakiya. Dubi yadda ake ba su sadaka a Miyanma. Namiji ɗan zuhudu yana fita kowace safiya da ƙwaryarsa, matan gida sun riga sun dafa shinkafa da miya suna jiransa a ƙofa, kafin a zuba masa a cire takalmi. Thilashin kuwa ba kullum take fita ba, sai ana saura kwana biyu ko ɗaya ranar ibada. Za ka gan su a jere, manya a gaba ƙanana a baya, da faranti a ka, suna rera addu'a a bakin shaguna, mai shago ya fito ya zuba wa kowacce cokali ɗaya na ɗanyar shinkafa ko ya ba da 'yan canji. Su koma su nemi itace su dafa da kansu, a wasu wuraren ma su dafa wa mazan. Lokacin da namiji ke zaune da littafi, ita tana bakin murhu.

Dalilin wannan bambanci yana cikin imanin masu ba da sadakar. Sun yarda cewa ladan kyauta yana ƙaruwa gwargwadon matsayin wanda aka ba, kuma mai cikakken naɗi shi ne gonar da ta fi albarka. Don haka attajiri zai gina wa maza katafaren zaure da ɗakin karatu, matan da ke bayan katanga kuwa ko oho. Daga nan sai abu ya zama zagaye: ba su da kuɗi don haka ba su da malamai, ba su da malamai don haka ba su da ilimi, sannan a juyo a ce ai ga shi nan, tsofaffi ne da waɗanda aure ya ƙi su, ba su san komai ba sai shara da wanke-wanke. Wannan zargi ya daɗe yana bin mae chi a Tailan, kuma mafi yawan masu yin sa ba su taɓa tambayar wa ya hana su sanin ba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne 'ya'yan talakawa. A ƙauyukan arewa maso gabashin Tailan, yaron da iyayensa ba su da halin biya masa makaranta yana da mafita tun kaka da kakanni: a aske masa kai ya zama ƙaramin ɗan zuhudu, ya sami ci da sha da wurin kwana da karatu kyauta, wani har jami'ar addini a Bankok. In ya ga dama daga baya ya tuɓe rigar ya nemi aiki da takardarsa, babu mai zarginsa. Ƙanwarsa ba ta da irin wannan tsani. Ita sai gona, ko masana'anta, ko aikatau a birni, ko abin da ya fi wannan muni. Wasu mae chi sun ga haka suka buɗe makarantar kwana ta kyauta ga 'yan mata marasa galihu a lardin Ratchaburi, Dhammajarinee Witthaya, kuma gidajen thilashin da yawa a Yangon da tsaunukan Sagaing sun zama makarantu da gidajen marayu ga 'yan matan da yaƙi ya koro daga yankunan ƙabilu. Suna yin wannan aiki ne da ragowar sadakar da ta tsallake maza. Babu wata doka cikin 227 ko 311 da ta ce a bar su haka.

Labarin matan Tibet shi ne hujjata mafi ƙarfi, domin ya nuna cewa ana iya raba batun karatu da batun naɗi. A Tibet naɗin bikkuni bai taɓa kafuwa ba, mace tana tsayawa a matakin ƙaramar 'yar zuhudu har ta mutu. Aikinsu shi ne haddar addu'o'i da gudanar da su, falsafa ta maza ce. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 mata da yawa suka tsallako tsaunukan Himalaya da ƙafa zuwa Dharamsala a arewacin Indiya, suna gudun matsin gwamnatin Sin, wasu sun sha ɗauri da azaba, da yawansu ko sunansu ba sa iya rubutawa. A 1987 aka kafa ƙungiyar Tibetan Nuns Project, wadda daga baya ta gina gidan zuhudu na Dolma Ling, aka shimfiɗa musu manhaja irin ta manyan makarantun maza. A 1995 aka fara taron muhawara na shekara-shekara tsakanin gidajen zuhudun mata, wata guda cur ana fafatawa.

Wanda bai taɓa ganin muhawarar Tibet ba zai ɗauka faɗa ake yi. Mai kare magana tana zaune a ƙasa a tsakar fili. Mai tambaya tana tsaye a kanta, carbi rataye a hannun hagu. Sai ta jefa tambaya, ta ɗaga hannun dama sama, ta sauke shi a tafin hagu da ƙara, tas, ta buga ƙafa a ƙasa. Ta zaune ba ta da damar yin dogon bayani. Amsoshinta ƙididdigaggu ne: na yarda, ko don me, ko dalilin bai tabbata ba, ko dalilin bai game ba. In ta yarda da abu biyu masu karo da juna, an kama ta, sauran ɗalibai su yi sowa. Babu littafi a hannu, duk nassin da za a kafa hujja da shi sai daga ka. Yarinyar da aka raina a kan sunkuyar da kai da rage murya gaban malamai maza, ita ce yanzu ke tsaye tana tafa hannu a fuskar abokiyar karatunta, wani lokaci kuma gaban manyan geshe masu ba da maki. A ganina wannan tsayuwar ta fi takardar da aka ba su a Mundgod muhimmanci.

Ko a nan sai da batun naɗi ya so ya zama tarnaƙi. Manhajar geshe fanni 5 ce, na ƙarshe shi ne dokokin zuhudu, kuma al'ada ta ce wanda ba shi da cikakken naɗi ba ya karanta su gaba ɗaya. Da an so, da an tsaya nan an ce a bar kaza cikin gashinta. Amma a 2012 hukumar addini ta gwamnatin Tibet mai gudun hijira, da goyon bayan Dalai Lama, ta yanke cewa matan su karanta sashen da ya halatta gare su, a jarraba su a kai. Aka fara jarrabawa a 2013, aka yaye rukunin farko a 2016, kuma yanzu wasunsu ke koyarwa a gidajen da a da sai an ɗauko malami namiji. Ashe da ma hanya tana nan, niyya ce babu. Shekara 6 bayan yaye rukunin farko, a watan Yunin 2022, Je Khenpo, shugaban addini na ƙasar Butan, ya yi wa mata fiye da 140 cikakken naɗi a Paro, a mazhabar dokoki ɗaya da ta Tibet.

Dubi kuma su wane ne suka farfaɗo da naɗin a ƙasashen Theravada. A Disambar 1996, a Sarnath ta Indiya, aka naɗa mata 10 'yan Siri Lanka da taimakon 'yan zuhudun Koriya. Jagorarsu Kusuma malamar makaranta ce da ta yi bincike mai zurfi a kan dokokin zuhudun mata. A 1998 aka yi wani babban naɗin a Bodhgaya, daga nan aka ci gaba da yi a cikin Siri Lanka kanta, a Dambulla. A Tailan kuwa Chatsumarn Kabilsingh ce, farfesar falsafa da ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Thammasat, wadda ita ma bincikenta na digirin digirgir a kan dokokin bikkuni ne. Ta ajiye aiki, ta je Siri Lanka aka yi mata cikakken naɗi a 2003, ta dawo da sunan Dhammananda, tana jagorantar gidan zuhudun da mahaifiyarta ta kafa a Nakhon Pathom. Irin waɗannan ba a iya sallamarsu da cewa "littafi ya hana", don za su ce a buɗo shafin, kuma suna karanta Pali, harshen littattafan Theravada, kamar yadda mai hanawar ke karantawa.

Taiwan ta nuna abin da ke faruwa idan aka haɗa karatu da naɗi. A can mata masu naɗi sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, da yawansu sun gama jami'a kafin su aske kai. Wata bikkuni mai suna Cheng Yen ta kafa ƙungiyar agaji ta Tzu Chi a Hualien a 1966, da matan aure 30 da ke jefa ɗan canjin cefane kullum a asusun gora. A 1986 ƙungiyar ta buɗe asibiti, yau kuma tana kai agaji ƙasashe da dama idan bala'i ya auku. Ita da almajiranta ba sa cin sadaka, da sana'ar hannunsu suke ciyar da kansu, tun daga ɗinkin takalman jarirai a farkon lamari. A can ne kuma wata malama, Chao-hwei, ta yayyaga takardar sharuɗɗan nan 8 a bainar jama'a a 2001, tana cewa ba maganar Buddha ba ce, ƙari ne na baya. Ko ta yi daidai ko ta wuce gona da iri, masana suka amsa mata da hujja, babu wanda ya aika mata 'yan sanda.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce karatu ba tare da naɗi ba rarrashi ne kawai, domin geshema mai shekara 21 a aji har yanzu a bayan ƙaramin bikku take zama a wurin taro, kuma muddin sadaka na bin matsayi, talaucin ba zai gushe ba. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma akwai wata gaskiyar da masu fafutuka daga Turai da Amurka ba su cika son ji ba: mae chi da thilashin da yawa ba sa neman naɗin. Sun lura cewa bikkuni tana ƙarƙashin kulawar maza a shari'ance, ba ta taɓa kuɗi, ba ta yin zaman damina inda babu bikku kusa, alhali su a yanzu suna tafiyar da gidajensu da makarantunsu yadda suka ga dama. A Miyanma wasunsu na zama jarrabawar Pali ta gwamnati su sami shaidar malanta, kuma jama'a na girmama su a kan haka. Wanda ya zo daga waje ya ce musu lallai sai sun nemi rigar da ba su nema ba, bai bambanta sosai da wanda ya hana su ba. Ilimi shi ne abin da zai ba kowacce damar zaɓa da sani, mai so ta nema, marar so ta bari.

Mu da muka taso da tarihin Nana Asma'u bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, duk da addinin ba ɗaya ba ne kuma babu zaman zuhudu irin nasu a Musulunci. Mahaifinta Shehu Usmanu ya soki malaman da ke tara ɗalibai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ita kuma ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar 'Yan Taru. Ba a jira an warware kowace mas'ala ta matsayin mace kafin a fara ba.

Inda ba na sassautawa shi ne hannun gwamnati. A 1928 wani ɗan gwagwarmaya a Tailan, Narin Phasit, ya sa aka naɗa 'ya'yansa mata biyu ƙananan 'yan zuhudu. Aka kama su, aka tuɓe musu rigar da ƙarfi, kuma a shekarar shugaban limaman ƙasar ya ba da umarnin hana kowane bikku naɗa mace. Umarnin yana nan, majalisar ƙoli ta limamai ta sake jaddada shi a 2014 bayan wani naɗi da aka yi a lardin Songkhla. Gidan Dhammananda ba shi da rajistar wurin ibada, don haka ba ya samun tallafin da na maza ke samu. Bayan rasuwar Sarki Bhumibol a 2016, ita da almajiranta sun je fada yin ta'aziyya aka mayar da su daga ƙofa saboda rigar da ke jikinsu. Mae chi kuwa an yi musu ba cinya ba ƙafar baya: in batun zaɓe ne a ce su masu zuhudu ne, ba sa jefa ƙuri'a, in batun rangwamen kuɗin mota ne da sauran alfarmar da ake yi wa limamai, a ce ai su gama-gari ne. A Miyanma an tsare wata mai suna Saccavadi a kurkuku a 2005 saboda ta je Siri Lanka an naɗa ta. Limamai suna da 'yancin cewa ba su yarda da naɗin wance ba, wannan addininsu ne. Amma kurkuku da rajista da kuɗin haraji na ƙasa ne, matan nan kuma 'yan ƙasa ne.

A Siri Lanka abin ya sauko har kan katin shaidar ɗan ƙasa. Shekaru ana hana matan da aka naɗa katin da ke ɗauke da matsayinsu na bikkuni, saboda manyan limaman ƙasar ba su amince ba, kuma a ƙasar ana neman katin wajen zama jarrabawar gwamnati da neman fasfo. Wato gardamar ƙarni na 11 ta zo ta tsaya tsakanin yarinya da zauren jarrabawa. Wata daga cikinsu ta kai ƙara, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hana ta katin ya saɓa wa 'yancinta na daidaito a gaban doka. A Tailan da Miyanma har yanzu ba a kai nan ba.